Finafinan tsoro na Turawa da halin da muke barin masu rashi a ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Dan Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu, magana ce da ni a kan wasu finafinan Turawa da suka fara yawa a wayoyin samarinmu nan karkara. Ni sana'ata cajin waya da tura fim a memori, ina da ɗan shago a bakin kasuwar ƙauyenmu a ƙasar Ringim, to kaga duk abinda matasa ke kallo ta hannuna yake bi, kuma dole in ɗan leƙa in ga mene ne a ciki kafin in tura ma ɗan wani. Da can Indiya ne da na faɗa sai na Hausa, yanzu kuwa yaro zai zo yace a saka masa na tsoro, na fatalwa, wanda zai hana shi fita fitsari da daddare.

Mafi yawan finafinan tsoron nan shirme ne, ihu da jini da mace mai farin kaya da gashi ya rufe mata fuska, ba su nake nufi ba. Akwai wasu daban a cikinsu waɗanda in ka nutsu ka kalla zakaga fatalwar nan rufa ido ce kawai, asalin labarin rashi ne, wani ya mutu ya bar wani, wanda aka bari ɗin ya kasa haƙura. Kuma na lura kusan duk da mutuwa suke farawa, ko jana'iza ko hatsarin mota ko yaro ya faɗa ruwa, sai bayan nan abin tsoron ke shigowa gidan.

Ɗauki The Babadook, fim ɗin Ostareliya ne na 2014, mace ce ma ta shirya shi, Jennifer Kent. Matar cikin fim ɗin mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar kai ta asibiti haihuwa, wato ranar da ta samu ɗa ita ce ranar da ta rasa miji. Yaron ya kai shekara 6 amma bata taɓa yi masa murnar ranar haihuwa a ranar ba, kayan mijin duk ta kulle su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko sunansa bata son a ambata a gabanta, in an tambaye ta tace ita lafiyarta ƙalau. Sai ga wani jan littafin yara ya bayyana a gidan da hoton wani dodo mai doguwar hula da farata, ta yaga shi ta watsar ya dawo, ta ƙona shi abin bai tafi ba, ƙarshe dodon ya shige ta har ta kai tana neman halaka ɗan da ta haifa. Yara a shagona dodon suke jira ya fito su yi ihu, ni kuma abinda ya fi tsaya min a rai fuskar matar nan ce da bata samun barci, da yadda take kallon ɗanta tana sonsa tana kuma jin haushinsa a ƙasan zuciya saboda a dalilin haihuwarsa mijin ya tafi, abinda ba uwar da zata iya buɗe baki ta faɗa. Kuma fa a ƙarshe ba a kashe dodon ba. Ta daka masa tsawa ya koma ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan ya zauna, ita kuma takan sauka ta kai masa tsutsa a kwano ta lallashe shi ta hau sama ta ci gaba da harkarta da ɗanta. Samari sukan ce fim ɗin bai ƙare ba, a basu kashi na biyu. Amma duk wanda ya taɓa binne nasa ya san ya ƙare, haka abin yake zama.

Na biyu shi ne Pet Sematary, daga littafin Stephen King na 1983, an yi fim ɗin a 1989 aka sake wani a 2019, na farkon nake nufi. Wani likita ne ya tare da iyalinsa a gida bakin titin da manyan motoci ke gudu, a bayan gidan cikin daji akwai wata tsohuwar maƙabarta da duk abinda aka binne a ciki yake tashi. Ya fara da kyanwarsu da mota ta take, ta dawo amma tana wari kuma ta zama muguwa, ya gani da idonsa fa. Da mota ta kaɗe ƙaramin ɗansa sai ya je da dare ya tono gawar ya kai can, abinda ya dawo kuwa jikin yaron ne amma ba yaron bane, ya kashe maƙwabcinsu tsoho ya kashe uwar da ta haife shi, kuma mutumin nan bai daddara ba ya sake ɗaukar gawar matar ya nufi wajen. Likita ne fa, mai ilimi, amma rashi ya maida shi haka.

Hereditary kuwa na 2018, na Ari Aster, gaskiya ban ba kowa shawarar kallonsa ba, yana da nauyi sosai. Amma akwai wuri ɗaya a ciki da ya fi duk aljanun fim ɗin tada hankali. Saurayi ya ɗauko ƙanwarsa 'yar shekara 13 a mota da dare yana gudu zai kai ta asibiti numfashinta na sarƙewa, ta leƙo da kai ta taga tana neman iska, ya kauce ma mushen dabba a titi, falwaya ta daki kanta. Yaron nan bai iya waiwayawa baya ba, ya tuƙo motar a hankali har gida ya shiga ɗaki ya kwanta idonsa biyu bai gaya ma kowa ba, sai da safe yana kwance ya jiyo kururuwar uwarsa a waje. Bayan haka gidan kowa ya shige ɗakinsa, ba mai magana da wani, uwa na ganin laifin ɗa, ɗa na ganin laifin uwa don ita ta matsa ya tafi da yarinyar. Uwar wani zaure take zuwa inda baƙi da basu san juna ba ke zama a kujeru a kewaye kowa na faɗin wanda ya rasa, a nan wata mata mai fara'a ta same ta tace zata koya mata yadda zata kira ruhin 'yarta, ashe 'yar ƙungiyar asiri ce, daga nan gidan ya ƙarasa rushewa.

To Malam Edita, wannan zauren na baƙi shi ya sa na fara tunani. A wajenmu mutum ya rasu da asuba kafin azahar an yi masa wanka an sa likkafani an sallace shi an kai shi makwancinsa, maza sun dawo an baza tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika cikin gida, maƙwabta na shigo da abinci, kwana uku ba a barin mai rashi shi kaɗai ko na minti ɗaya, wanda kuka yi shekara baku gaisa ba sai ya zo yace ya haƙuri, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Su kuwa can gawa sai ta yi sati ko fiye a ajiye, a Amurka har allurar hana lalacewa ake mata a yi mata kwalliya a sa mata kwat a buɗe akwati mutane su zo kallo, da yawa kuma ƙonawa ake yi, a Ingila ma mafi yawansu ƙonawar ake, a baka toka a ɗan tulu ka kai gida ka ajiye a falo. Kana zaune da tokar matarka a kan kanta, gida shiru daga kai sai agogo, 'yan uwa kowa na wani gari, bayan 'yan kwanaki wajen aiki na jiranka, ai dole ka fara jin motsi a bango. Shi yasa in ka lura gidajen cikin finafinan nan manya ne kuma ba kowa, ba kishiya ba suruka ba yaran maƙwabta da zasu shigo neman wuta.

Kuma wannan neman magana da matattu ba 'yan fim suka ƙirƙiro shi ba, tsohon abu ne a wajensu. A 1848 wasu 'yan mata 'yan gidan Fox a jihar New York suka ce wani mamaci na musu magana ta hanyar ƙwanƙwasa, abin ya bazu kamar me, sai a 1888 ɗayarsu ta fito ta faɗa cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar, amma ina, mutane sun riga sun karɓa. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya ci sama da mutum 600,000, iyaye da yawa ko gawar 'ya'yansu basu gani ba, masu kiran ruhi suka samu kasuwa, har matar shugaba Lincoln sai da ta riƙa shirya irin wannan zama a fadar shugaban ƙasa bayan ɗansu ya rasu a 1862. Bayan yaƙin duniya na ɗaya ma haka aka yi a Ingila. Wato duk lokacin da mutuwa ta yi yawa, bokayen Turawa ma ciniki suke, bambancinsu da namu kawai tebur da kyandir.

Na san abinda wasu malamanmu zasu ce, kuma suna da gaskiya, mamaci baya dawowa. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Muminun, wanda mutuwa ta zo masa zai roƙi a maida shi duniya a ce masa a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar tashi. Zancen kiran ruhi hanyar shirka ce, abinda zai amsa maka shaiɗani ne ya ari murya. Abin mamakin shi ne su kansu finafinan da arna suka yi kusan nan suke ƙarewa, ban ga ɗaya a cikin waɗannan da wanda ya kira mamaci ya ji daɗi ba. Akwai wani na baya-bayan nan, Talk to Me, shi ma na Ostareliya, wasu tagwaye 'yan YouTube suka yi shi, yara 'yan sakandare ne suka samu wani busasshen hannu, in ka kunna kyandir ka riƙe shi sai ruhi ya shige ka, dokar kada a wuce sakan 90, suna yi suna dariya suna ɗauka a waya. Yarinyar da uwarta ta rasu da ta ji kamar muryar uwar ce ke magana ta bakin ƙanen ƙawarta sai ta hana a cire hannun, a ƙara mata lokaci kaɗan, yaron ya kusa kashe kansa a gabansu, kuma abin nan mai kamar uwarta ƙarya ya dinga shirya mata har ya kai ta ga halaka. Wannan wallahi ko a wa'azi aka ba da labarinsa ya zauna.

Amma ba don in ce mun fi su na ɗauki biro ba, ga inda nake son zuwa. Mu mun iya kwana uku, mun iya sadakar bakwai da ta arba'in ga masu yi, matar mamaci ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Bayan nan fa? An naɗe tabarmi kowa ya koma gona, in aka ga mace na hawaye bayan wata shida sai a ce haba wance, ke baki da tawakkali ne, kina so ki ja da ikon Allah, kukan nan fa ƙuna kike ƙara masa. Uwa da ɗanta ya rasu bata raka shi maƙabarta ba don mata basa zuwa, wata har ta mutu bata san inda kabarin yake ba, in ɗan fari ne ma ga kunya, da ransa bata kama sunansa ba balle yanzu ta zauna tana zancensa. In jariri ne kuwa abin ya fi sauri, an naɗe a ɗan ƙyalle an fita da shi, a ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye, kashegari tana bakin murhu. Namiji kuma ba a ma maganarsa, wa zai ga magidanci na kuka a majalisa.

Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da mu da ɗanta ɗan shekara huɗu ya faɗa kududdufi da damina. Ta yi haƙuri kowa na yaba mata, ko ɗigon hawaye ba a gani ba ranar. Bayan wasu watanni ta daina barci, ta daina cin abinci, tace tana jin yana kiranta ta bayan danga, takan zuba tuwo a ɗan kwanonsa ta rufe ta ajiye, wata rana da asuba aka same ta zaune a bakin kududdufin. Nan take aka ce iska ce, aljanin ruwa ne ya ɗauki ɗan yanzu ya dawo ɗaukar uwar, wasu ma suka fara nuna wata tsohuwa da baki wai mayya ce. Aka yi hayaƙi aka yi rubutu aka kai ta wajen mai magani ya ci akuya da kuɗi, mijin ya gaji ya ce ta je gida ta huta, kaga kenan ga rashin ɗa ga aure na rawa. A duk tsawon lokacin nan ba a samu mutum ɗaya da ya zauna yace mata wance ba ni labarin yaron nan ba, alhali ita abinda ke cinta shi ne ita ta aike shi ya kira yayarsa, kuma tana ganin ita ta kashe shi. Sai da wata goggonta ta ɗauke ta ta riƙe a ɗakinta tana jan ta da hira da dare har ta amayar da maganar ta yi kukan da bata yi ba, sannan ta fara dawowa hayyacinta.

Ban ce babu aljanu ba, Allah ya ambace su da sura guda, kuma ban ce a bar ruƙiyya ta shari'a ba. Abinda nake cewa shi ne Bature ya ɗauki baƙin cikin rashi ya sa masa hula da farata a fim don a gane shi, mu kuma a zahiri muna ganin baƙin cikin da idonmu sai mu ce aljani ne mu huta da tambaya. Hukumar lafiya ta duniya ma yanzu ta sa irin wannan jimamin da ya ƙi sakin mutum sama da wata shida har ya hana shi rayuwa a cikin jerin cututtukan da ake dubawa, kuma muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure ga na Dawanau a Kano, amma faɗa ma mutumin ƙauye ya kai matarsa can sai yace ka kira ta mahaukaciya.

Kuma addinin da muke fakewa da shi bai ce haka ba. Annabi Yaƙubu ya yi ta baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka ce masa bazaka daina ambaton Yusuf ba har sai ka lalace, irin maganar da muke ma matanmu yau, shi kuma yace ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya kuma bayyana cewa ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba a faɗin sai abinda Allah ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har suna gare ta a tarihi, shekarar baƙin ciki. Nana A'isha takan sa a dama ma masu rashi talbina, wani kunu na sha'ir, saboda ta ji daga Manzo cewa yana sanyaya zuciya yana rage baƙin ciki. Abinda aka hana kururuwa ce da yaga tufafi da marin fuska, ba a hana mutum kewar nasa ba.

Ka tuna Majiya, Malam Edita, nan Taura kusa da mu, daren 15 ga Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka tafi, da yawa a kabari ɗaya aka haɗa su don ba a iya gane waye wane ba. Ka tuna jirgin ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, yawanci yara 'yan Islamiyya. Manya sun je ta'aziyya, an kai buhunan abinci, 'yan jarida sun ɗauki hoto sun tafi. Iyayen nan da matan nan suna nan a gidajensu har yau, wa ya koma ya tambayi yadda suke kwana? Akwai gidan da aka fitar da samari biyu uku rana ɗaya. Ni da jaridarku zata tura wakili ya zauna da su yanzu da ƙura ta lafa, da ya fi min labaran 'yan siyasa da kuke cika shafi da su, ka yi haƙuri da maganata.

Fim ɗaya da nake ganin ya fi kusa da mu shi ne His House na 2020, na Ingila, matar da ta fito a ciki ma Wunmi Mosaku a Zariya aka haife ta. Mata da miji ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, sun tsallaka teku a jirgin ruwa yarinyar da ke tare da su ta nutse, aka basu wani ruɓaɓɓen gida a Ingila aka ce kada su kuskura su bar shi, sai maye ya biyo su yana magana ta cikin bango. Mijin na cewa a manta a saba da sabuwar ƙasa, matar tace ita bazata manta ba, can sai gaskiya ta fito cewa yarinyar ma ba tasu bace, shi ya fizge ta a taro don a barsu su shiga motar masu gudu, uwarta na bin motar tana ihu. Wanda duk ke da ɗan uwa da ya bi ta Agadas ya shiga Libiya aka daina jin ɗuriyarsa zai gane wannan fim ba sai an fassara masa ba, don gidan da ba a ga gawa ba ba a zaman makoki, ba a takaba, uwa na nan tana jiran waya.

Masu fassara finafinai da Hausa kuma dan Allah in kun ɗauko irin waɗannan ku rage barkwanci, mace na kukan ɗanta kuna sa mata maganar ban dariya a baki. 'Yan Kannywood su ma in zasu yi fim ɗin aljanu kullum kishiya ce ta je wajen boka, ga labarai nan a ƙauyuka ba mai taɓawa.

Abokan sana'ata masu tura fim, Hereditary da Talk to Me da Pet Sematary ba na yara bane, ba na mai ciki bane, ba kuma na wanda aka yi ma rasuwa kwanan nan bane, kada naira ɗari ta sa ku tura ma ɗan shekara goma sha biyu a wayar uwarsa. Ni a shagona in yaro ya tambaya cewa nake ya je ya zo da babansa. Kai kuma Malam Edita in da hali a shafinku na lafiya ku haɗa mana likitan ƙwaƙwalwa da malamin addini a zama ɗaya su yi bayanin yaushe ne jimami ya wuce misali da kuma inda za a kai mutum, a buga da Hausa mai sauƙi yadda zan iya karanta ma mutane a majalisa.

Na gode, Allah ya jiƙan magabatanmu.

Naka mai karatu a kullum,
mai shagon caji da tura fim, daga ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa